Awo Da Mudun Aro: Matashin Marubuci Da Ƙidayar Kalmomi

Akwai wata tambaya wadda kusan duk malamin da ya taɓa koyar da darasin ƙagaggen rubutu ya sha jin ta, har ta zame masa jiki. Ɗalibi ne zai yi sallama a ofis, riƙe da kundin labarin da ya kwashe wata da watanni yana fama da shi, bayan an gaisa sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wai shin kalmomi nawa ne ya kamata littafi ya kai?" Da wuya a ji ya tambaya ko tauraron labarin nasa ya yi kama da mutum mai rai, ko jigon ya warwaru, ko kuwa ƙarshen ya zauna daidai. Abin da ya hana shi barci shi ne ɗan adadin nan da kwamfuta take nuna masa a gindin shafi. In ya ga 18,000 sai gabansa ya faɗi, wai abin nasa bai isa a kira shi littafi ba. Wani kuwa nasa ya haura 200,000, shi ma hankalinsa ba a kwance yake ba, domin ya rasa mai buga masa, ya kuma rasa inda zai sa wuƙa.

Mai karatu yana iya ɗaukar wannan damuwa a kan ƙaramin abu, amma ɓarnar da take yi ba ƙarama ba ce. Da yawa daga cikin masu gajeren kundi sukan jefa shi cikin akwati su fid da rai, ko kuma su koma su yi ta cusa masa abin da bai nema ba, har labarin da a da yake tafiya garau ya koma yana jan ƙafa. Masu dogon kundi kuwa sukan datse shi ido rufe, su zubar da tsoka su bar kitse. Abin da wannan ɗan sharhi yake son tabbatarwa shi ne, adadin kalmomi ma'auni ne na maɗaba'a da kasuwa da masu shirya gasa, yana da amfaninsa a wurin da aka yi shi dominsa, amma ba shi da hurumin yanke wa labari hukunci. Daɗin daɗawa, mafi yawan adadin da matasan marubutan Hausa suke tsorata kansu da shi an yanka shi ne domin wani harshe da wata kasuwa dabam.

Ya kamata a fara da sanin inda waɗannan alƙaluma suka fito. A littafinsa na nazarin ƙagaggen labari wanda ya fito a 1927, marubucin nan na Ingila, E. M. Forster, ya ɗauki kalmomi 50,000 a matsayin mafi ƙarancin abin da labari zai kai kafin ya shiga sahun abin da Turawa suke kira "novel". Masu ba da lambar yabo ta Nebula a Amurka su kuma sun kasa abin kashi huɗu: abin da bai kai kalmomi 7,500 ba gajeren labari ne, daga nan zuwa 17,500 aji guda, daga 17,500 zuwa 40,000 wani ajin, sa'an nan abin da ya kai 40,000 ko ya ɗara shi ne cikakken littafi. An kuma yi wata ƙungiya mai suna NaNoWriMo, wadda ta faro a Amurka a 1999 ta rufe a 2025, aikinta shi ne zuga mutane su rubuta kalmomi 50,000 a cikin watan Nuwamba, watau kimanin 1,667 ke nan kowace rana. Ban da waɗannan, shawarar da aka saba ba sabon marubuci mai neman kamfanin ɗab'i a Landan ko Niyok ita ce kundinsa ya faɗa tsakanin kalmomi 80,000 da 100,000. To, tun a nan mai lura zai ga cewa su kansu masu mudun ba su daidaita a kan girmansa ba. Abin da ya cika a wurin masu Nebula bai cika a wurin Forster ba, wanda ya cika a wurin Forster kuma ɗan kasuwar littafi yana iya cewa da saura.

In aka ɗauko wannan mudu aka zo da shi gida, abin da zai biyo baya abin dariya ne. A 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko cikin boko, tsawon da aka nema kuwa shi ne kimanin kalmomi 20,000. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Bisa ma'aunin Forster, babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ya isa a kira shi cikakken ƙagaggen labari. Amma ga shi an haura shekara 90 ana karanta su, ana koyar da su tun daga sakandare har jami'a, an rubuta kundayen digiri a kansu fiye da a ƙirga, an fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi, an mai da shi wasan kwaikwayo, an kuma yi fim ɗinsa. Ɗalibin da ya ga 18,000 a gindin shafinsa ya ji kunya, bai san cewa kusan a nan magabatansa suka tsaya ba. Ko a can ƙasar masu mudun ma, littafin George Orwell na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975, kalmominsa kimanin 30,000 ne kacal, bai kuwa hana shi zagaya duniya ba.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi shafar ɗaliban harshe, ita ce ta ma'anar kalma ita kanta. Kwamfuta ba ta san nahawu ba. Duk abin da ta gani tsakanin fili da fili, shi ne kalma a wurinta. Harsuna kuwa ba su raba filayensu a wuri ɗaya ba. Abin da Balarabe zai rubuta da kalma guda, kamar "kataba", Bahaushe sai ya yi amfani da biyu, "ya rubuta", in kuma an ƙara karɓau a jikin aikatau na Larabci, sai Hausa ta tashi da uku. A Hausa, ko da an ambaci sunan mai aiki, tilas ne lamiri ya biyo baya, shi ya sa "Audu ya tafi" ta zama kalma uku, alhali Bature da biyu zai gama. A wani gefen kuma Hausa ce take tsuke abin: "littafinsa" kalma ɗaya ce inda Ingilishi yake bukatar biyu, haka kuma ɗafin nasaba da ke cikin "ƙofar gidan sarki" ya ɗauke aikin da wasu harsuna sai sun kawo kalmomi masu zaman kansu kafin su yi shi. Saboda haka kalmomi 50,000 na Ingilishi da 50,000 na Hausa ba kaya ɗaya suke ɗauke da shi ba, kamar dai yadda mudun wannan kasuwa yake saɓa wa na waccan ko da sunansu ɗaya.

Abin ya fi haka ban takaici in aka dubi ƙa'idojin rubutu. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980, ban da waɗanda aka yi a nan gida, duk domin a daidaita yadda za a rubuta Hausa, ciki har da raba kalmomi da haɗa su. Duk da haka, har yanzu ana cin karo da marubutan da suke rubuta "yace" a maimakon "ya ce", da "shine" a maimakon "shi ne", da "itace" a inda suke nufin "ita ce", su mai da baiwar Allah makamashi. To, a ɗauka ga mutum biyu sun shiga gasar da aka ƙayyade wa kalmomi 1,500. Na farko ya kiyaye ƙa'ida, ya raba lamiri da aikatau, ya raba dirka da abin da ta dirka. Na biyu ya cure su wuri ɗaya. In a cikin labarin akwai irin waɗannan wurare guda 150, to, na biyun ya sami rarar kalmomi 150 a banza, watau kashi ɗaya cikin goma na dukan filin, ladan rashin bin ƙa'ida. Ma'aunin da yake saka wa mai ganganci, ya ƙuntata wa mai kiyayewa, bai cancanci a ba shi girman da ake ba shi ba, sai fa in masu gasar sun fara gyara rubutun kafin su ƙirga.

Tarihi ya nuna cewa a mafi yawan lokuta abin da yake yanke tsawon littafi yana wajen labarin ne. A Ingila ta ƙarni na 19, al'ada ita ce a buga sabon ƙagaggen labari cikin juzu'i uku, a sayar da shi fam 1 da sule 11 da sisi, kuɗin da ya fi ƙarfin talaka. Manyan masu saye su ne shagunan ba da hayar littattafai, musamman na wani mai suna Mudie, su kuwa juzu'i uku ya fi musu riba, domin mutum uku suna iya karɓar hayar littafi ɗaya a lokaci guda. Marubuta da yawa suka riƙa jan labarin da bai wuce juzu'i ɗaya ba har sai ya cika uku. A 1894 manyan shagunan hayar suka ce sun daina saye a kan tsohon farashi, cikin 'yan shekaru kaɗan al'adar juzu'i uku ta mutu, littattafai suka rage ƙiba. Babu wani sauyi da ya sami basirar marubutan Ingila a wannan shekara. Ciniki ne ya juya.

Wanda ya san Adabin Kasuwar Kano ba zai ji wannan labari baƙo ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Marubucin da jarinsa bai kai ya buga shafi 300 a tashi ɗaya ba, sai ya kasa labarin kashi biyu ko uku ko huɗu, ya buga na ɗaya, in ya sayar ya sami na buga na biyu. Mai saye shi ma ya fi iya fitar da kuɗin ɗan ƙaramin littafi, masu ba da haya kuma abin ya yi musu daidai. Ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya kuma yi farin jinin da kowa ya sani, kashi-kashi aka fitar da shi. Haka nan yawan shafukan kowane kashi yana bin yadda ake naɗe babbar takarda a maɗaba'a ne, ta ba da shafi 8 ko 16 ko 32, shi ya sa akan ga an matse rubutu a ƙarshen littafi, ko kuwa an cike shafukan da suka rage da gaishe-gaishe da tallan littattafai masu fitowa. Wannan tsari ya koya wa marubuta wata dabara mai kyau, ta tsayawa a inda mai karatu zai ƙagara ya ga ci gaba. Ya kuma koya wa wasu mugun hali, domin da aka gane cewa kashi huɗu ya fi kashi biyu kawo kuɗi, sai aka shiga yi wa labari ƙarin ruwa.

Da rubutu ya koma cikin wayar hannu, sai takunkumin takarda ya faɗi gaba ɗaya. Marubuciyar da take sakin labarinta kullum ga masu karatun da suka biya, babu mai ce mata takarda ta ƙare, kuma muddin labarin yana tafiya, masu karatu suna nan. A nan ne ake samun kundayen da suka ninka Ruwan Bagaja sau goma ko fiye. Ba laifi ba ne labari ya yi tsawo, amma ya kamata a dubi abin da aka cika shi da shi. Sau da yawa za a tarar an kwashe shafi guda ana lissafa kayan lefe, akwati bayan akwati, leshi da atamfa da shadda har da sunan kamfanin kowane turare. A shiga falo a ƙirga kujeru da labule, a fito a bayyana motar da aka faka. A yi abu a gaban mai karatu, sa'an nan tauraruwa ta ɗauki waya ta sake kwashe shi kaf ta gaya wa ƙawarta, ƙawar kuma ta gaya wa uwarta, mai karatu yana zaune ana maimaita masa abin da ya gani da idonsa har sau uku. A yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali har sanyi a duk lokacin da mutum biyu suka haɗu, ko da sun rabu ne da hantsi.

A nan sai a yi hattara, kada a ce duk gaisuwa ko duk siffantawa ƙarin ruwa ce. Gaisuwa a rayuwar Bahaushe magana ce mai nauyi. In amarya ta durƙusa ta gai da uwargida da dogon lafazi, ita kuwa ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ba tare da ta ɗago kai ba, to, wannan gaisuwa ta yi aikin da shafi biyu na bayani ba zai yi ba. Haka kuma in lissafin kayan lefen zai nuna bashin da uban ango ya ci ne, bashin da zai dawo ya rushe gidan a babi na goma, to, a lissafa har da allura. Abin dubawa shi ne ko wurin yana ɗauke da wani kaya na labarin, ko kuwa an ajiye shi ne domin a cika mudu. Kwamfuta ba za ta iya rarrabe waɗannan biyu ba, domin a wurinta duka kalmomi ne.

Abubakar Imam ya bar wa marubuta kyakkyawan misali a kan wannan a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, aikin da ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai sama da 80. Akun nan yana ba da labari ne domin ya tsare Musa, ɗan sarki, kada ya fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari dole ne ya yi daɗin da zai zaunar da yaron, ya kuma yi tsawon da zai kai shi ga wayewar gari. In ya gaza, yaro ya fita, in kuma ya gundure shi, nan ma ya fita. Watau tsawon labarin akun yana da dalili a cikin labarin kansa, akwai rai da sarauta a rataye da shi. Tsohuwa mai tatsuniya ita ma haka take yi da jikokinta, tana duban idanunsu, in ta ga barci ya fara ɗibarsu ta taƙaita, in ta ga sun ware ta ƙara waƙa. Marubuci ba ya ganin idon mai karatunsa, shi ya sa yake neman wani abu da zai dogara da shi, sai ya kama adadi. Uzurinsa ke nan, kuma uzuri ne da ya kamata a fahimta kafin a yi masa faɗa.

To, amma adalci bai yarda a tsaya nan ba, domin ƙayyade kalmomi yana da ranarsa. Malaman da East ya zagaya ya roƙa su rubuta labari a 1933 ba su da wani samfuri na Hausa a gabansu, faɗa musu tsawon da ake so ya ba su abin da za su nufa. A zamanin nan kuma ga gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, inda aka saba neman labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500. Wannan ƙunci ya tilasta wa marubuta da yawa, waɗanda suka saba da sakin linzami, su koyi shiga labari ta tsakiyarsa, su riƙe jigo ɗaya, su bar mai karatu ya cike wasu guraben da kansa. Horo ne mai amfani ƙwarai. Wanda kuma ya shiga gasa ya ƙetare adadin da aka sa, aka fitar da shi, ba a zalunce shi ba, domin alƙalan da za su karanta ɗaruruwan labarai suna da haƙƙin su sa iyaka. Haka mai maɗaba'a yake da haƙƙin ya ce ga abin da jarinsa zai ɗauka. Kuskuren shi ne marubuci ya ɗauki dokar wata gasa ko ta wani kamfani ya mai da ita dokar adabi, ya riƙa auna duk abin da zai rubuta da ita har abada.

Kada kuma masu gajeren kundi su ji an wanke su sarai. Gajarta ita ma takan zama ciwo, kuma ciwo ne da ya yawaita a rubuce-rubucen ɗalibai. Akan sami labarin da ya ɗauki rayuwar mutum tun daga haihuwa har tsufa a cikin shafi 30, amma babu wuri ɗaya da aka tsaya aka bar mutanen ciki suka yi magana da bakinsu. An yi aure, an yi faɗa, an yi saki, an yi nadama, duk cikin sakin layi huɗu, sai ka ce rahoton ɗan sanda. Irin wannan kundi lalle yana bukatar ƙari, sai dai ƙarin da yake bukata shi ne a zaɓi wurare uku ko huɗu da labarin ya karya kwana, a buɗe su, a nuna wa mai karatu abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye. Ko Shaihu Umar, duk da matsayinsa, mai karatu yana iya jin cewa an yi sauri a wurin da ya fi ko'ina taɓa zuciya. Uwar Umar ta bar gida tana neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bautarwa, ta ƙetare hamada, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, sa'an nan da Allah ya haɗa su, ganawar da rasuwarta suka wuce cikin ɗan taƙi. Wani zai ce wannan taƙaitawa ita ce ƙarfin wurin, wani kuma ya ce da an ƙara shafi biyu da littafin ya fi haka. Muhawara ce mai kyau, kuma abin lura shi ne dukan ɓangarorin biyu da abin da ke cikin labarin suke kafa hujja, babu mai kawo adadi.

Hausa kuma ba ta gaza ɗaukar dogon labari ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito a 1982 daga gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya, ya haura shafi 300, ya kuwa sami masu karanta shi har ƙarshe, domin mutanen cikinsa da wuraren da ya ratsa da ta'asar da ya bayyana suna bukatar fili. Shekara biyu kafin nan, a 1980, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito daga gasar Kamfanin NNPC, ɗan ƙaramin littafi ne da ake iya gamawa a zama ɗaya, amma ya buɗe wa mata marubuta ƙofar da har yau ba ta rufu ba. Da an matse na Bature ya dawo girman na Hafsat, ko an ja nata ya kai girman nasa, da an yi asarar duka biyun.

Wani kaso na laifin wannan ruɗani yana wuyan masu nazari, malamai da ɗalibai baki ɗaya. An ɗauko rabe-raben ƙagaggen labari daga littattafan Turawa an fassara su, har da alƙalumansu, ana ba da su a aji ana kuma tambayarsu a jarrabawa, ba tare da an tsaya an gwada su a kan littattafan da ke cikin ɗakin karatun sashe ba. Ɗalibin da ya haddace cewa cikakken labari sai ya kai kalmomi 50,000, sa'an nan aka ba shi Jiki Magayi ya yi nazari a kai a matsayin cikakken labari, dole kansa ya ɗaure. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya ɗauka, su zauna su ƙirga kalmomin littattafan 1933, da na zamanin Hukumar NORLA, da na gasannin da aka buga littattafansu a 1980 da 1982, da wani zaɓaɓɓen kaso na littattafan Kano da na waya, bayan an daidaita rubutunsu bisa ƙa'ida ɗaya. Daga nan sai a ga tsawon da labarin Hausa ya saba ɗauka a kowane zamani, da dalilin da ya sa, a gina rabe-raben a kan abin da aka tarar.

Kafin a kai ga haka, ɗalibin nan da ke tsaye a ofis da kundinsa yana jiran amsa. In gasa zai shiga, a gaya masa ya karanta ƙa'idarta ya bi ta sau da ƙafa, ya kuma raba kalmominsa daidai ko da hakan zai ci masa fili. In maɗaba'a zai kai, ya je ya tambayi kuɗin takarda da na faranti, ya san shafi nawa aljihunsa zai ɗauka. In kuwa tambayarsa a kan labarin ne shi kansa, to, sai Malam ya karɓi kundin ya ajiye, ya sa shi ya faɗi abin da labarin ya ƙunsa da baka cikin minti biyar. Abin da ya ambata a cikin minti biyar ɗin nan, a je a duba ko an ba shi isasshen wuri a rubuce. Babin da ya manta da shi sam bai ambata ba, a sa masa alama da jan biro, a ba abokan ajinsa biyu ko uku su karanta kundin ba tare da wannan babi ba, sa'an nan a tambaye su ko sun ji an tsallake wani abu.